Ciwon haƙori a Ingila: abin da kuɗin biza bai biya maka ba

Duk wanda ya nemi bizar karatu ko ta aiki zuwa Birtaniya ya san kuɗin lafiyar da ake karɓa tun kafin a buga masa biza. Daga watan Fabrairun 2024 kuɗin ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga ɗalibi da yaro, kuma a dunƙule ake biyan na duk shekarun da bizar za ta yi. Wanda ya zube waɗannan maƙudan kuɗi dole ya ɗauka ya gama da batun asibiti. A yawancin abubuwa haka ɗin ne: ganin likita kyauta, tiyata kyauta, haihuwa kyauta. Sai daren da turmi ya hana shi barci zai gane cewa haƙori lissafinsa daban ne.

Abin ya daɗe. An kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948 komai kyauta, amma a 1951 gwamnati ta sa kuɗi a kan haƙoran roba da tabarau, har Aneurin Bevan, wanda ya kafa hukumar, ya ajiye muƙamin minista saboda fushi. Tun daga lokacin ɗan ƙasa ma biya yake yi, balle baƙo.

Farashin gwamnati a Ingila hawa uku ne, kuma yakan ƙaru a watan Afrilu. A farashin Afrilun 2025, dubawa da ɗaukar hoton haƙori da ɗan wankin da likita ya ga ya zama dole fam 27.40 ne. Ciko, cire haƙori da aikin kashe jijiya fam 75.30. Sanya wa haƙori hula, gada ko haƙoran roba fam 326.70. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: kuɗin na zangon magani ne gaba ɗaya, ba na kowane haƙori ba. In an cike maka kogo uku aka cire ɗaya a zango guda, fam 75.30 ɗin nan ne kawai, kuma kuɗin dubawar yana ciki. In ciko ko hular ta lalace cikin watanni 12, a ƙa'ida kyauta za a gyara. Abin ado kuwa, irin faranta haƙori ko haƙorin Makka, babu ruwan gwamnati da shi. Dasa sabon haƙori a ƙashi ma ba kasafai take ɗaukar nauyinsa ba.

Wannan farashi, in aka duba albashin ƙasar, ba abin kuka ba ne. Matsalar ita ce samun kujerar da za a zaunar da kai a kansa. A 2022 BBC ta buga wa dubban wuraren likitocin haƙori waya, ta tarar tara cikin goma ba sa karɓar sabon babban mutum a tsarin NHS. Likitocin suna ɗora laifin a kan yarjejeniyar 2006, wadda ta sa ana biyan su da maki, ta yadda a wancan lokacin mai kogo ɗaya da mai kogo biyar kusan kuɗi ɗaya suke kawowa. Baki mai aiki da yawa asara ne a wurinsu, don haka da yawa suka karkata ga masu biya daga aljihu. Wa ya fi shan wahalar wannan? Sabon zuwa, wanda ba shi da sunansa a littafin kowa. Zai buga waya a ce masa babu gurbi a layin gwamnati, amma in zai biya da kansa gobe ma ya zo. A layin masu biya daga aljihu, aikin jijiya na turmi ɗaya ɗaruruwan fam ne kafin a zo batun hula, dasa haƙori guda kuma yakan haura fam 2,000. Mai aikin kula da tsofaffi da ke tura kuɗi Kano ko Zariya duk wata ya san abin da wannan ke nufi. Sai a koma ga kanumfari da ruwan gishiri da ƙwayar kashe zafi, ciwon ya lafa, ruɓewar kuma tana ci ta ciki.

Akwai waɗanda ba sa biyan ko kwabo: yara 'yan ƙasa da shekara 18, 'yan ƙasa da 19 da ke makaranta, mace mai juna biyu da wadda ta haihu cikin watanni 12 da suka wuce. Maijego da ta bar wannan dama ta wuce ta yi wa kanta. Mai ƙaramin ƙarfi, har da ɗalibi, yana iya cike takardar HC1; in ya cancanta a ba shi HC2, wadda ke ɗauke masa kuɗin duka. Amma kada mutum ya sa hannu cewa ya cancanci kyauta alhali yana zato ne kawai. Ana bincika, kuma tarar tana kaiwa fam 100 ban da kuɗin aikin.

Likitan haƙori ba a ɗaure shi da unguwa ba, kana iya neman gurbi a wani gari. Ka nema tun bakinka lafiya. Kafin a taɓa ka, ka nemi a rubuta maka aikin da kuɗinsa, ka tambaya ƙarara: wannan na NHS ne ko na aljihu? Wuri ɗaya yakan yi duka biyun. In fuska ta kumbura ko zafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, lamba 111 za a kira, su nema maka gurbin gaggawa a farashin hawa na farko. Kumburin da ya taɓa numfashi ko haɗiya kuwa na sashen gaggawa na asibiti ne, babu jira. Makarantun koyon aikin haƙori, irin na Manchester da Newcastle, sukan karɓi wasu marasa lafiya ɗalibai su yi musu aiki kyauta a gaban malamansu, sai dai akwai cin lokaci.

Scotland tsarinta daban: dubawa kyauta ce ga kowa, 'yan ƙasa da shekara 26 ba sa biya, saura su biya kashi 80 cikin ɗari har iyakar fam 384. Na Amurka ya fi tsanani, don inshorar haƙori daban ake sayenta, kuma tana da iyakar abin da za ta biya a shekara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bizarsa ta fito, ya je a duba bakinsa a gida tun da sauran makonni, a cike abin cikewa, a cire na cirewa. Masu jira sai sun zo hutu su gyara su ma suna da hujja, amma su lissafa kwanaki: hula tana son zuwa fiye da ɗaya, dashe kuma yana buƙatar watanni kafin ƙashi ya kama ƙarfen, hutun mako uku ba zai ishe shi ba. Ka karɓi hotunan haƙoranka da bayanin abin da aka sa maka a rubuce, domin in aikin ya tashi bayan ka koma, likitan can zai fara tambayar wane irin ƙarfe ne a bakinka, kuma gyaran daga aljihunka zai fito.