Uwa a Tsakar Gida: Jin Daɗinta, Ibadarta da Hutunta

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan boko, cewa matar aure ta cikin gida ba ta aikin komai. Idan ma'aikaci ya zo zaure da takardar tambayoyi ya nemi sanin sana'ar iyalin mai gida, amsar da ya saba samu ita ce, "Tana gida." Sai ya rubuta haka ya wuce. To amma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san tun kafin asalatu har bayan lisha hannun uwa ba ya zama, kuma ya san a cikin wannan ɗawainiya akwai dariya da waƙa da ambaton Allah. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana inda jin daɗin uwa yake, da yadda addini ya tsara mata yininta, da kuma irin hutun da take samu. Dalilin kawo wannan batu gaban ɗalibai da ma'aikata shi ne, su ne masu zana gidaje, da tsara azuzuwan yaƙi da jahilci, da kafa dokokin talla da na asibiti. Wanda kuwa bai san inda daɗin rayuwar uwa yake ba, yana iya rushe shi alhali niyyarsa ta alheri ce.

Wace ce uwa?

A wurin Bahaushe kalmar uwa ta fi mahaifiya faɗi. 'Yar'uwar mahaifiya uwa ce, kishiyarta uwa ce, haka kuma wadda aka bai wa riƙon yaro. Misali mai kyau shi ne Baba ta Karo, tsohuwar nan da wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Baba ta yi aure sau huɗu ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta yi musu aure, kuma mata da yawa na garinsu sun ɗauke ta uwa. Wannan ya nuna cewa matsayin uwa yana samuwa ta hanyar ɗawainiya kamar yadda yake samuwa ta hanyar naƙuda, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne.

Tsarin yini

Agogon uwa shi ne salla. Da asuba za ta yi alwala ta yi salla, ta hura wuta, ta dama koko ko ta ɗumama tuwon jiya, ta tashi yara zuwa makarantar allo. Da hantsi akwai shara da wanke-wanke da surfe. Bayan azahar rana ta yi zafi, gida ya yi shiru, nan ne take ɗan kishingiɗa ko ta ɗauki ɗinkin hula. Ana yin la'asar sai a ɗora sanwar tuwon dare, bayan lisha kuma a shimfiɗa tabarma a yi hira. Ko alkawari za ta yi da maƙwabciya, da salla take auna shi, watau ta ce sai an yi la'asar.

A gidan da yake da mata fiye da ɗaya, girki yakan zagaya kwana bibbiyu. Wadda ba ta da girki ta sami sararin yin sana'arta, ko kitso, ko zuwa unguwa. Ba a musun cewa zaman kishi yana da ɗacinsa, kuma ya raba aure da yawa. Abin lura a nan shi ne, hutun uwa a gidan gargajiya yana fitowa ne daga rabon aiki tsakanin mata, ko kishiyoyi ne, ko matan 'yan'uwa, ko surukai, ko 'yan mata masu tasowa.

Shi kansa aikin ba a raba shi da nishaɗi ba. Mata biyu ko uku sukan haɗu a turmi ɗaya su yi lugude, a jefa taɓarya sama a tafa kafin a cafe ta. A kan dutsen niƙa kuwa mace takan rera waƙa, ta yabi iyayenta, ta yi wa kishiya ko uwar miji habaicin da ba za ta iya faɗa ido da ido ba. Da injin niƙa ya shigo ya ɗauke mata wahala mai yawa, ya kuma tafi da wannan dandali na amayar da abin da ke cikin zuciya.

Haihuwa da reno

Babban farin cikin uwa yana tattare da haihuwa. A cikin fari mace takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Bayan ta sauka sai a shiga wankan jego na kwana 40, a dama mata kunun kanwa, a yi ƙauri, dangi da maƙwabta su yi ta zuwa barka. Idan mako ya zagayo maza su raɗa suna da safe a yanka rago, wanzami ya yi wa jariri aski, mata kuma su yini ana ci ana sha ana guɗa.

Akwai wani abu da yakan rikita baƙo. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari: ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rashin ƙauna ne, alhali kuwa alkunya ce, kuma ita ce take buɗe wa kaka ƙofa ta ja jikanta a jiki, tana kiransa mijinta, ana raha. Abin da uwa ta ɓoye wa ɗan fari yakan bayyana a fili ga ɗan auta.

Al'adar jego tana da ɓangaren da ya jawo hankalin likitoci. A shekarun 1970, Davidson da Parry, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin ruwan wanka, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da gishirin da ke cikin kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna cewa talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki su ma suna da hannu a cikin lamarin. Sai dai ya kamata ma'aikacin lafiya ya tuna cewa kwana arba'in ɗin nan su ne hutu mafi tsawo da uwa take samu, ana dafa mata, ana yi mata wanki, ana riƙe mata jariri. Hikima ita ce a rage kanwa da zafin ruwa, a je asibiti da zarar an ga kumburi ko haki, a bar mata hutunta.

Sana'a da abin hannu

Shari'a ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, ta kuma bar wa mace dukiyarta. Saboda haka abin da uwa ta samu daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko fura, ko ƙosai da waina, ko saƙa, nata ne. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 cewa cinikin da mata suke yi daga gida zuwa gida kasuwa ce sosai, sai dai ido ba ya ganinta. Enid Schildkrout kuma ta nuna a binciken da ta yi cikin birnin Kano a shekarun 1970 cewa yara su ne ƙafafun wannan kasuwa, su ne masu talla da sayo kaya da kai saƙo.

Da wannan riba uwa take zubin adashi, take yi wa ƙawarta gudummawar biki, take tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana ƙarama. Ranar da aka yi jere, mata suka shiga suka yaba, ranar ce take ganin sakamakon shekarun da ta yi a bakin murhu. Wannan ne ya sa lokacin da aka soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, iyaye mata da yawa suka ja baya wajen sakin 'ya'yansu mata. Talla tana da haɗari ga tarbiyyar yarinya da karatunta, wannan gaskiya ne. Amma dokar da ta hana talla ba tare da ta samar wa uwa wata hanyar sayar da kayanta ba, ta datse mata jari da mutunci gaba ɗaya, kuma da wuya ta yi tasiri.

Ibada da ilimi

Yawancin ibadar uwa a ɓoye take. A ɗakinta take salla, sau da yawa da yaro yana hawa bayanta tana sujada. A watan azumi ita ce farkon tashi domin sahur, ita ce kuma ke tsaye a gaban wuta da ƙishirwa tana soya abin buɗa baki. Ranar Juma'a takan fitar da sadaka, kuma kusan kowane gida yana da almajirin da ake ajiye wa kwano. Daga bakinta yaro yake fara jin bisimilla kafin cin abinci da addu'ar kwanciya barci. Sanannen hadisi ya zo cewa da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya fi cancantar a kyautata masa, sai ya ambaci uwa sau uku kafin uba. Shi ya sa Bahaushe yake neman albarkar uwa, yake kuma tsoron bakinta fiye da bulala.

Neman ilimin matan aure tsohon abu ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da suke karantar da ɗalibai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan naɗa wa dattijuwa mai ilimi malafa ta zama jaji, ita kuma jaji ta jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin wa'azi su koma su koyar da matan aure da ba su da halin tafiya. Hikimar wannan tsari ita ce an kai wa uwa karatu inda take, ba a ce ta bar girki da reno ba. Yaɗuwar makarantun Islamiyya na matan aure daga shekarun 1970, da kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano a 1980, da kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985, duk sun bi sawun wannan tafarki. Ga mata da yawa zuwa Islamiyya karatu ne, kuma fita ce, kuma zumunci ne.

Hutu da nishaɗi

Hutun uwa kusan kullum a cikin jama'a yake. Zaman kitso yakan ci rabin yini, a nan ake jin labarin unguwa, a nemi shawara, a ƙulla aure. Haka zaman lalle idan salla ta gabato. Zuwa barka da dubiya da gaisuwar mutuwa wajibi ne na zumunci, wanda aka ce a ƙafa yake, kuma su ne hanyar da take ganin gari. A wurin biki akwai kiɗan amada, inda ake kifa ƙwarya a kan ruwa a kaɗa, mata su yi rawa su kaɗai. Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, sun yi suna a wannan fage, kuma Barmani ta sha zuga mata a kan su tashi su kama sana'a.

Da dare kuma akwai tatsuniya da kacici-kacici. Ta bakin Gizo da Ƙoƙi uwa ko kaka take koya wa yara ƙarshen kwaɗayi da ribar haƙuri, tana hutawa tana tarbiyya lokaci guda.

Zamani ya ƙaro wasu hanyoyi. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya shigar da wasan kwaikwayo da gaishe-gaishe da tafsiri har ɗakin uwa. Littafin Hafsatu Abdulwahid, So Aljannar Duniya, ya fito a 1980, na Balaraba Ramat Yakubu kuma, Alhaki Kuykuyo Ne, a 1990, mata suka yi ta aron irin waɗannan littattafai daga gida zuwa gida. Finafinan Hausa na bidiyo sun biyo baya daga 1990, wayar hannu kuma ta shigo Nijeriya a 2001. A yau mace tana iya sayar da turaren wuta ko atamfa, ta gaida 'yar'uwarta da ke Maraɗi ko Kumasi, ta saurari karatu, duk daga bakin gadonta.

Kammalawa

Babban sauyin da ya sami uwa a wannan zamani shi ne kaɗaici. Gidan haya mai ɗaki biyu, ko gidan ma'aikata a bayan gari, ba shi da tsakar gida, ba kaka, ba wadda za ta karɓi girki. Uwa ma'aikaciya takan dawo daga ofis ta tarar da aikin da mata uku suke rabawa a da yana jiranta ita kaɗai. Ta sami sirri da kwanciyar hankali daga fitinar zaman tare, amma ta rasa masu taya ta.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata masu tsara manufofi su riƙe. Na farko, a lissafta aikin uwa da sana'arta a cikin tattalin arzikin ƙasa, a tambaye ta da kanta maimakon a tsaya a zaure. Na biyu, duk shirin karatu ko na lafiya da aka yi dominta a daidaita shi da lokutan salla da girki, kamar yadda 'yan taru suka yi. Na uku, masu zana unguwanni su bar fili inda mata za su haɗu, masu gida kuma su gane cewa ziyara da biki da Islamiyya suna cikin abin da ke tsare lafiyar iyali. Ɗalibin da yake son tabbatar da abin da aka faɗa a nan ba ya bukatar tafiya nesa. Idan ya je hutu, ya zauna yini ɗaya a tsakar gida daga asuba zuwa lisha, ya rubuta abin da mahaifiyarsa ta yi, da lokacin da ta yi dariya, da wanda ta yi dariyar da shi.