Yawon Sanin Garin Garwa

Garwa babban gari ne a arewacin Kamaru. Yana bakin kogin Binuwai, shi ne kuma babban birnin Jihar Arewa. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, a 1924. A kasuwa an fi jin Fulatanci da Hausa, a makaranta kuwa Faransanci ake yi.

Akwai yara da aka haifa a garin amma ba su san shi ba. Wasu makafi ne, wasu kurame, wasu guragu. Iyayensu suna tsoron motoci da babura, sai su tsare su a gida. Yaro yakan kai shekara goma bai taɓa sa ƙafa a bakin kogi ba, alhali kuwa kullum yana jin ana maganar Binuwai. Wannan ne ya sa malaman makarantun naƙasassu suke fita da ɗalibansu yawon sanin gari. Da Faransanci ana kiran irin wannan fita "excursion".

Ba a wayar gari kawai a ce a tashi. Shiri ake yi tun da sauran kwanaki. Malam yakan samo kwali mai faɗi, ya yi taswirar gari a kansa. Ba da alƙalami yake zana ta ba. Yana manna igiya mai kauri, ita ce kogi. Ya ɗora tsinken ashana a kan igiyar, shi ne gada. Murfin kwalba ya zama filin ƙwallo, tsakuwa kuma ta zama fadar Lamiɗo. Makaho ya bi da yatsa, sai ya gane cewa gari yana gefen arewa na kogi, wanda ya haye gada kuwa ya kama hanyar Ngaundere ke nan. Su kuma kurame ana koya musu alamar kowane wuri da maganar hannu, don in an isa kada a tsaya ana neman suna.

Ana duba lokaci ma. A watan Maris da Afirilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40. Ba mai hankalin da zai fita da yara a wannan rana. An fi zaɓen Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, a fita da sassafe a dawo kafin azahar.

Abin da ya fi kome wuya shi ne titi. Garwa gari ne na baburan haya, ga su nan ko'ina. Kurma ba ya jin oda, makaho ba ya ganin mai tahowa. Don haka ake haɗa yara bibbiyu. Makaho yana riƙe hannun ɗan jagoransa a saman gwiwar hannu, ɗan jagora yana gaba da shi da rabin taki. Ba a jan makaho, ba a tura shi. In an zo matakala ko kwata, sai a dakata a gaya masa, hawa ne ko sauka. Malam ɗaya yana gaba da jan ƙyalle. In ya ɗaga shi, kurame sun san tsayawa za a yi. Duk inda aka sauka daga mota ana ƙirga yara, in za a shiga ma a sake ƙirgawa, domin kurma in ya ɓace a cikin taro kira ba ya dawo da shi.

Wuri na farko shi ne bakin kogi, a nan kuma ake daɗewa. Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa. Ya ratsa Garwa, ya shiga Nijeriya, ya wuce Yola da Makurɗi, ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja. Tsawonsa ya kai kilomita 1,400. A da, jiragen ruwa sukan zo har Garwa da damina, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Makonni kaɗan ne a shekara ruwa yake isa ya ɗauke su. Yanzu manyan motoci ne suke wannan aiki. A kudu da gari akwai madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a 1982. Daga can wutar lantarkin Garwa take zuwa.

Duk wannan ana iya faɗarsa a cikin aji. Abin da ba a iya kawowa aji shi ne kogin kansa. Makaho ya cire takalmi ya taka yashi, ya ji inda yake bushe da inda ya fara laima. Ya sa hannu a ruwa ya ji ta inda yake tafiya. Yana jin masu wanki suna buga tufafi, yana jin filafilin masu kwalekwale. In malam ya ce a yi shiru, sai ya ji ƙarar manyan motoci a sama, daga nan ya gane tsayin gada. Tsinken ashanan nan na kan kwali ashe abu ne da mota mai tirela take bi ta kansa!

Kurma kuwa idonsa ne yake aiki, kuma sau da yawa shi yake riga kowa hango dorina. Akwai dorinai a Binuwai kusa da gari. Faransawa suna ce mata "hippopotame". Kunnuwanta da idanunta da hancinta kaɗai take fitarwa a kan ruwa. Ba a matsa mata, don dabba ce mai haɗari ƙwarai. Kurma ya nuna wa malam da hannu, malam ya faɗa wa makaho da baki. In an yi sa'a ta yi gurnani, to wannan rabon makaho ne, shi ne kuma zai ba da labari.

Daga kogi sai kasuwa. Nan ba a rasa abin taɓawa da abin sansanawa: busasshen kifi, daddawa, kilishi, tabarmi, ƙore. Ana ba kowane yaro ƴan kuɗi ya sayi abu da kansa. Makaho yana koyon bambanta sulallan sefa da girmansu da nauyinsu. Kurma yana ciniki da yatsu, ƴan kasuwa kuma ba su cika rasa gane shi ba. Wani lokaci wani yakan miƙa wa yaro sadaka don ya gan shi da sanda. Malam sai ya yi godiya, ya ce wannan ɗan makaranta ne, sayayya ya zo yi.

Ana bi ta gaban fadar Lamiɗo da babban masallaci, a tsaya kaɗan, yara su shafa bango su ji kaurinsa.

Garwa garin auduga ne. A nan hedkwatar kamfanin SODECOTON take, wanda aka kafa a 1974. Manoman arewa suna kai masa audugarsu, a gurje ta a injin, a raba ta da angurya. Daga auduga ake samun zare da yadi, daga angurya kuma ake tatsar man girki. Ba a shiga da yara cikin injuna. Malam yakan zo da jaka mai abu huɗu a ciki: auduga mai ƴaƴa, gurzajjiyar auduga, zare, da ƙyalle. Yaro ya taɓa su bi da bi, ya ƙare da taɓa rigar jikinsa.

Wuri na ƙarshe shi ne filin ƙwallo na Rumde Ajiya, wanda aka gina a 1978. Kulob ɗin garin, Coton Sport, ya kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. A watan Janairu na 2022 an buga wasannin Kofin Afirka a wannan fili, a nan ne Nijeriya ta ci Masar 1 da 0. In an sami izinin shiga, makaho yakan tafa hannu ya saurari amsa-kuwwa, da ita yake auna girman wurin. Makafi ma suna buga ƙwallo. Tasu tana da ƴan ƙararrawa a ciki, mutum biyar-biyar ake yi.

Guragu su ne suka fi shan wahala a wannan yawo. Keken gurgu ba ya tafiya a yashi, ba ya hawa matakala. Ranar 13 ga Afirilu 2010 Kamaru ta kafa doka don kare naƙasassu. Dokar ta ce a riƙa yin gine-ginen jama'a yadda naƙasasshe zai iya shiga. Amma tsofaffin gine-gine da yawa ba su da gangaren keke. Sai manya biyu su ɗaga yaro da kekensa, abin da yara da dama ba sa so a yi musu a gaban mutane. Shi ya sa malam yake zagaya hanyar tun kafin ranar, ya san ƙofar da keke zai bi.

Washegari a aji kowa ya ba da labarin abin da ya samo. Kurame suna zana dorina da gada a allo. Makafi suna rubutawa da rubutun Braille. Wani Bafaranshe makaho mai suna Louis Braille, wanda aka haifa a 1809, shi ya ƙago shi. Ɗigo shida ne ake jujjuyawa, ana huda su a takarda mai kauri, a karanta da yatsa. Daga nan a sake ɗauko taswirar kwali. Yara su manna yashin da suka ɗebo a gefen igiya, su sa ƙashin kifi a wurin kasuwa. Wanda ya ji gurnanin dorina shi ake bari ya zaɓi inda za a ɗora dutsenta.