Shin Maganin Kashe Zafi Yana Kashe Ƙashi?

A hutun da ya wuce na koma gida Kurudu, na tarar da wani maƙwabcinmu mai ciwon sikila yana dogara sanda. Likita ya ce kan ƙashin cinyarsa ya mutu. Mutanen unguwa kuwa suka ce ai Tramadol ɗin da ya daɗe yana sha ne ya cinye masa ƙashi.

To, mai karatu, ƙashi abu ne mai rai, jini ke ciyar da shi kamar tsoka. Idan hanyar jinin ta toshe sai ya mutu. A wajen mai sikila, ƙwayoyin jininsa masu siffar lauje ne ke toshe ƙananan jijiyoyi, kuma ƙugu ya fi shan wahala. Yawan shan giya da magunguna irin su Dexamethasone, wanda wasu ke sha don su yi ƙiba, su ma suna jawo haka.

A ganina, babban laifin Tramadol da ɗan'uwansa kodin, wanda gwamnati ta haramta maganin tarinsa a 2018, shi ne rufe bakin ciwo. Ƙugu na ciwo, mutum ya haɗiyi ƙwaya ya ci gaba da takawa, har kan ƙashin ya lotsa. Allurar Pentazocine kuwa, in aka yawaita ta, tana sandarar da tsoka, ta bar gyambon da kan ci har ƙashi.

Maƙwabcin namu ya shekara biyu yana sayen ƙwaya a kemis kafin a ɗauki hoton ƙugunsa. Yanzu maganar tiyata ake yi.