Safar hannu mai tare yanka: abin da ya kamata ka sani kafin ka saya

Idan kana haɗa tagogin alminiyum a Fagge, ko kana ɗaukar gilashi da kwanon rufi a Sabon Gari, ko kana fawa a mayankar Kano, hannunka ne jarinka. Jijiyoyin da ke motsa yatsu suna dab da fata. Kaifi ɗaya kan iya tsinke su, kuma ko an ɗinke a asibiti, yatsan kan ɗauki watanni kafin ya koma aiki. Wani ma ba ya komawa yadda yake.

Mece ce ita?

Safar hannu ce da aka saƙa da zare mai taurin gaske, wanda kaifi ke shan wahala kafin ya ratsa shi. Akwai zaren Kevlar, mai launin rawaya, wanda Stephanie Kwolek ta ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a 1965. Akwai kuma zaren roba mai ƙarfi da ake kira HPPE, galibi fari ko ruwan toka. Wasu masana'antu na cusa siririyar waya ko zaren gilashi a cikin saƙar. Ka riƙe wannan tun yanzu: babu safar da ba ta yankuwa. Aikinta ta jinkirta kaifi, ta mayar da babban rauni ya zama ƙarami.

Yaya zan gane mai kyau?

Juya bayan safar. Za ka ga ɗan hoton garkuwa da rubutun EN 388, wato ma'aunin gwajin ƙasashen Turai. A ƙarƙashinsa akwai lambobi huɗu da harafi ɗaya, misali 4X42C. Lamba ta farko juriyar gogayya ce, ta biyu tsohon gwajin yanka, ta uku juriyar yagewa, ta huɗu juriyar huda. Inda ka ga X, ba a yi wannan gwajin ba.

Harafin ƙarshe, na sabon gwajin yanka, shi ne ya fi shafarka. An ƙara shi a 2016, kuma yana tashi daga A, mafi rauni, zuwa F, mafi ƙarfi. Kayan da suka bi ma'aunin Amurka kuwa za ka ga A1 har zuwa A9.

Mai ɗaukar kwali da ƙananan kaya, A ko B ta ishe shi. Mai alminiyum da kwano ya nemi C ko D. Mai gilashi da mai tara tsofaffin ƙarafa su nemi E ko F. Mahauci kuma tasa daban ce: safar sarƙar ƙarfe, wadda ake sa wa hannun da ke riƙe nama, domin shi wuƙa ke nufa.

To me zai hana in sayi F kawai?

Sau da yawa mai ƙarfi ta fi kauri. A zafin Kano na watan Afrilu, safar da ta hana ka jin kan ƙusa a yatsunka za ka tuɓe ta ne kafin azahar, kuma a nan ake yankewa. Ka gwada ta a shago. Ta kama hannu ba tare da ta matse ba, kada kan yatsu ya yi rara. Idan kayanka na da maiƙo, ka zaɓi wadda aka shafe tafinta da roba don kada kaya su suɓuce.

A ina ba ta da amfani?

Nan ne na fi so ka natsu. Kada ka sa safar hannu kusa da inji mai juyawa, kamar injin huda ƙarfe ko zarton katako mai lantarki. Injin zai cafki zaren ya ja hannun gaba ɗaya, kuma taurin zaren ne zai hana shi tsinkewa ka kuɓuta. Mai walda ma ya tsaya kan safar fata, domin HPPE na narkewa da zafi. Sannan tare yanka ba ya nufin tare tsini. Allura ko siririyar waya na iya bi ta ramukan saƙa.

Nawa zan kashe, kuma wa zai biya?

Farashi na hawa ne da harafi, kuma ya bambanta daga shago zuwa shago a kasuwar Sabon Gari. Ka yi hattara da wadda aka buga mata lamba amma babu sunan masana'anta, ko wadda arharta ta yi yawa. Safar auduga da aka tsoma a roba ba ta cikin wannan layi ko kaɗan.

Idan a masana'anta kake aiki, kamar na Bompai ko Sharaɗa, Dokar Masana'antu ta Najeriya ta ɗora wa mai kamfani samar da kayan kariya, har da safar hannu, inda aikin ke da cutarwa. Maigidan shago kuwa, yaran da ke koyon aiki a hannunka amana ne, kuma su ne ba su riga sun san inda kaifi yake ba. Ka saya musu, ka riƙa dubawa, duk wadda ta huje ko saƙarta ta fara warwarewa a canza ta.