Land Cruiser, Lexus ko Range Rover: Hanyar Mubi ce ke raba gardama

A cikin Abuja da wuya mutum ya gane bambancin manyan motocin alfarma. Daga Maitama zuwa Sakatariyar Tarayya kwalta ce shimfiɗe, kowace jif ta hau ta sai ta riƙa tafiya kamar kan ruwa. Saboda haka idan maigida ya kira hadiminsa ya ce a rubuto masa shawara kan motar da ta dace a saya, yawanci a kan launi da fatar kujera da girman allon gaba ake ƙarewa. Jarrabawar gaskiya tana zuwa ne ranar da aka ce za a je mazaɓa, ko ta'aziyya, ko gaisuwar Sallah. Ga wanda gidansu yake arewacin Adamawa kuwa, sunan jarrabawar hanyar Mubi.

Yadda aka saba, maigida jirgi yake bi zuwa Yola. Motar ita ce ke riga shi tashi, ta ratsa Keffi da Akwanga da Jos da Bauchi da Gombe da Numan, ta kwana tana jiransa. Daga Yola kuma akwai tafiyar kusan kilomita 200 ta Girei da Song da Gombi da Hong, a kai Mararraba, sannan a shiga Mubi. Manyan motocin da ke ɗauko shanu daga kasuwar garin zuwa kudu ita suke takawa dare da rana. Hanya ce da ba baƙuwar manyan Abuja ba: sakatarorin gwamnatin tarayya biyu a jere, Babachir Lawal da Boss Mustapha, daga ƙaramar hukumar Hong suka fito. Bayan Mubi, wanda ya nufi ƙauyukan Maiha, ko iyakar Kamaru ta Sahuda, ko gindin duwatsun Mandara, zai iske wuraren da kwalta ta ƙare, ga laka da rafuka in damina ta yi nisa.

Irin wannan hanya ce Majalisar Tarayya ta kafa hujja da ita a watan Oktoba na 2023, lokacin da batun saya wa 'yan majalisa 469 sababbin jif-jif ya tayar da ƙura. Rahotanni sun ce kowace mota ta kai kimanin naira miliyan 160. Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin da ke kula da hidimomin Majalisar Dattawa, ya kare sayayyar da cewa hanyoyin ƙasar sun lalace, kuma ana buƙatar motar da za ta jure shekara huɗu. Ƙungiyar SERAP ta garzaya kotu. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai mutumin Mubi zai iya tambaya a hannun wa kasafin gyaran hanyar yake. Wannan gardama ce ta daban. Abin da ya shafi hadimi shi ne, in har hanya ce dalili, to da ita ya kamata a auna motar.

Wadda ake fara ambata ita ce Toyota Land Cruiser 300, da ta fito a 2021. Toyota ta ajiye tsohon injin mai silinda takwas, ta sa mai silinda shida, lita 3.5, da turbo biyu, mai ƙarfin doki sama da 400 da giya goma, ta kuma rage wa motar nauyin kusan kilo 200. Gangar jikinta a kan shasi na ƙarfe take zaune kamar na motar ɗaukar kaya, kuma sifirin na ƙarfe ne ke riƙe da ita. Lexus LX 600, wadda aka ƙaddamar a shekarar, 'yar uwarta ce ciki ɗaya: shasi ɗaya, inji ɗaya. Abin da mai saye yake biya a kai shi ne shiru, da laushin kujera, da na'urar da ke ɗaga motar ko sauke ta da matsin mai, har akwai samfuri mai kujeru huɗu kacal domin na baya ya miƙe ƙafa.

Bambancin da ba a cika dubawa ba yana ƙasa, a taya. Land Cruiser takan zo da wili mai inci 18, wanda ke barin kusan santimita 17 na roba tsakanin ƙarfe da ƙasa. Manyan samfuran LX 600 kuwa inci 22 suke ɗauka, robar ba ta wuce santimita 13 da 'yan kai ba. A gaban otal wannan ado ne. A bakin rami mai kaifi tsakanin Song da Gombi, cikin gudun ayari, santimita huɗun nan su ne tsakanin girgiza kawai da fashewar taya haɗe da lanƙwasar wili. Mai faci na gefen hanya zai toshe huda, amma ba ya ajiye taya mai inci 22, kuma safaya guda ɗaya ce.

Range Rover ta fi su duka kwarjini, kuma ba a yi mata adalci idan aka ce motar birni ce kurum. Sabuwar da aka nuna a Oktoba na 2021 tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 90, alhali Land Cruiser a 70 take tsayawa. Babban injinta mai silinda takwas, lita 4.4, daga BMW yake. Matsalar ita ce a kan jakunkunan iska take tafiya, da famfo da na'urorin auna tsayi da kwamfuta ke sarrafawa. Muddin suna lafiya, babu motar da ta kai ta daɗin zama. Ranar da ɗaya ya huje ko famfon ya gaji, sai motar ta durƙusa kamar raƙumi, kuma a lokacin tambayar ba ta wuce guda ba: daga ina za a kawo kayan, kwana nawa kuma za su yi a hanya? Mercedes G-Class, wadda ake ƙerawa a Graz ta ƙasar Ostiriya tun 1979, tana da ƙarfin hawan dutse da babu mai musu, amma samfurin G 63 da ake yayi a Abuja mota ce ta mai tuƙa kansa. Bayanta ya yi ƙunci ga mai babbar riga da zai yi awanni zaune.

A nan ne Toyota take cin riba, kuma ribar ba daga masana'anta kaɗai ta zo ba. Shekaru aru-aru gwamnatoci da sojoji da ƙungiyoyin agaji suna zuba Hilux da Prado da Land Cruiser a Arewa maso Gabas, musamman tun bayan rikicin da ya kai ga Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoba na 2014, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Makanikai sun saba da su, masu sayar da kayan gyara sun san abin da ke tafiya. Idan Toyota ta tsaya a Gombi, sau da yawa kaya ne ya tsinke a gindin kaba.

Sai dai hadimin da ya rubuta cewa Toyota ba ta lalacewa ya rubuta tsohon labari. Ƙwarewar makanikan ta ginu ne a kan tsofaffin injuna marasa turbo. Sabon injin yana fesa mai da matsi mai tsanani, ba ya haƙuri da gurɓataccen fetur, kuma ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin methanol ya shigo ƙasar ya kashe motoci a Legas da Abuja. Direban da ya tsaya wurin 'yan bumburutu da irin wannan mota caca ya yi da injin. Haka kuma a watan Mayu na 2024 Toyota ta yi kiranye ga motoci kimanin 102,000 a Amurka, ƙirar Tundra da LX 600, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin injin tun daga masana'anta, daga baya ta ce za ta sauya injunan kyauta. Wanda ya sayi tasa a hannun dillalin da ya shigo da ita ta bayan fage, ya dace ya san tun kafin biya ko wa zai ɗauki nauyin irin wannan gyara. Shi ya sa har gobe wasu tsofaffin direbobi ke fifita Prado ta da, mai injin lita 2.7. Ba ta da gudu, ƙarfinta bai wuce doki 160 da ɗoriya ba, amma babu garejin da zai buɗe gabanta ya tsaya kallo.

Akwai kuma lissafin da ba ya shiga takardar talla. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kuɗin riƙe mota ya bi kuɗin sayenta sama. Tankin Land Cruiser mai lita 110, a farashin naira 1,000 kowace lita, ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Kuma zuwa Mubi da dawowa ba cikawa ɗaya ba ce. Idan aka ce mai sulke ake so, nauyi zai ƙaru ƙwarai, birki da taya su riƙa ci da wuri, sannan sai an nemo takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.

Ga ma'aikacin gwamnati, hatsarin bai tsaya a kan hanya ba, yana cikin fayil. Dokar sayayya ta 2007 tana nan, haka ma umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 da ya ce hukumomi su fifita abin da aka ƙera a gida, kuma kamfanin Innoson na Nnewi yana ƙera jif. Duk wanda ya ba da shawarar motar waje, ya kamata dalilinsa ya kasance a rubuce. Waɗanda suka daɗe a aiki suna tuna motoci biyu masu sulke ƙirar BMW da hukumar NCAA ta saya kan naira miliyan 255 a 2013, yadda Majalisar Wakilai ta zauna bincike, aka riƙa kiran jami'ai ɗaya bayan ɗaya su yi bayanin sa hannunsu.

Idan aka tattara, ga mai zuwa Mubi sau uku ko huɗu a shekara, Land Cruiser mai wili inci 18, daga wakilin kamfani, da garanti a rubuce, ita ce shawarar da za a iya karewa a gaban maigida da kuma gaban mai binciken kuɗi. LX 600 ta dace da wanda tafiyarsa ke ƙarewa a Yola, ko wanda ya yarda a rage mata girman wili. Range Rover sai ga mai wata motar a ajiye. Kafin a rufe fayil ɗin kuma, yana da kyau a kira direban da zai yi tuƙin a ji ta bakinsa, a tambaye shi safaya nawa yake so a ɗaura, da kuma ko Hilux ɗin 'yan rakiya za ta biyo baya, domin ita maigida zai koma ciki idan babbar ta tsaya bayan Mararraba.