Zaɓen Kyamarar Bidiyo Domin Aikin Dare

Da yawa cikin samarinmu sun ɗauki sana'ar bidiyo, suna neman abincinsu wajen bikin aure da taron makaranta. Da rana kowace kyamara gwana ce. Amma in magariba ta yi, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar biki, nan ne a kan bambanta aya da tsakuwa. Hoto ya yi duhu, fuskar amarya ta cika da tsaki-tsaki kamar an watsa mata yashi. Biki kuwa ba a maimaita shi. Mai aiki ya rasa kuɗinsa, ya rasa sunansa kuma.

To, mene ne za a duba kafin a saya?

Abu na fari shi ne sensa, wato faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara. Kamar kwano yake a ƙarƙashin ruwan sama: babba ya fi tara ruwa. Sensan da a ke kira na inci 1 ya ninka na ƙananan kyamarorin gida wajen sau 4. Mai cikakken faɗi, milimita 36 da 24, ya ninka na inci 1 fiye da sau 7. Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Sony a7S ta 2014 megafiksel 12 kaɗai gare ta, duk da haka ta yi suna wajen aikin duhu.

Na biyu, ƙofar haske ta gilashin gaba. Lambarta tana tafiya a juye: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Hasken da f/2.8 ke shigarwa ninki biyu ne na f/4. A lura kuma, a yawancin kyamarori ƙofar ta kan tsuke in an jawo abu kusa. Misali Sony PXW-Z90 tana farawa da f/2.8, ta ƙare a f/4.5. Saboda haka da dare gara ka matsa kusa da ƙafarka.

Na uku, kada ka dogara ga lambar lux da ke jikin kwali. Lux 1 kamar hasken kyandir ne daga nisan mita ɗaya. Sau da yawa a kan sami ƙaramar lamba ta wurin rage saurin ƙyaftawar kyamara, sa'an nan duk mai motsi sai ya fito dishi-dishi.

Na huɗu, wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyi 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Ka tabbata kyamarar tana iya ɗaukar hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, in ba haka ba hoton ya kan yi ta walƙiya a ƙarƙashin waɗansu fitilu.

Gani ya kori ji. Ka tafi da katin ajiyarka, ka roƙi mai kanti ya kashe fitila, ka ɗauki fuskar mutum yana motsi. Ka duba a babban talabijin a gida kafin ka biya. Kada kuma kuɗin duka ya ƙare a kyamara. Ka rage na ƙaramar fitila mai batir, da ƙafa uku, da makirfo mai kyau, gama fitila ɗaya ta kan yi abin da kyamara mai tsada ta kasa. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.