Ƙoƙon Kan Goronyo da Tambayar Asalin Ɗan Adam: Nazari a kan Siffar Ƙashi da Shekarunsa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a ɗan yi bayani a kan wata tambaya da ɗalibai suka sha yi mana a aji. Wani ɗalibi daga ƙasar Goronyo ya taɓa kawo mana wani dutse mai kama da turmi ƙarami, wanda da gani ka san gaɓar ƙashin baya ce ta wata babbar halitta, ya ce a garinsu ana ce wa irin wannan ƙashin Samudawa. A wannan mako kuma wani ya nuna mana hotunan waɗansu ƙoƙunan kai masu tsawo kamar tulu a cikin wayarsa, tare da rubutu mai cewa na waɗansu halittu ne da suka sauko daga sama. Ɗaliban nan biyu abu ɗaya suke tambaya, watau shin ƙashi mai baƙuwar siffa shaida ce ta wani irin mutum da ya riga mu zama a duniya? Amsar da za mu yi ƙoƙarin bayarwa ita ce, siffar ƙoƙon kai ita kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an san shekarunsa, da irin ƙasar da aka same shi a ciki, da kuma abin da ya same shi bayan mutuwar mai shi. Babu inda ya fi dacewa a fara wannan bayani kamar Goronyo ɗin kanta.

2.0 Teku a Ƙasar Rima

Wanda ya bi ta Wurno da Raba da Goronyo da rani zai yi wuya ya yarda cewa teku ta taɓa rufe wannan ƙasa, amma duwatsun wurin sun tabbatar da haka. Masana ilimin duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun ƙasar sunayen garuruwanmu: shimfiɗar Taloka a ƙasa, ta Dukamaje a tsakiya, ta Wurno a bisa, su ukun kuma ana kiran su Rukunin Rima. A kansu ne shimfiɗar Dange da ta Kalambaina suka hau, wadda daga ita ake haƙar farar ƙasar da ake yin siminti a Sakkwato. Shimfiɗar Dukamaje yumɓu ne da ya kwanta a ƙarƙashin wani reshen teku marar zurfi da ya shigo ta Sahara, tsakanin shekara miliyan 72 zuwa 66 da suka wuce. Shi ya sa ake samun haƙoran kifaye da ƙasusuwan kada da na kififfiya a cikinta, sun riƙiɗe sun zama dutse.

A shekarar 1930 W. E. Swinton na Gidan Tarihin Halittu na Landan ya buga bayani a kan waɗansu ƙasusuwa da aka tattaro daga Lardin Sakkwato, ya ce na wata dabbar teku ce daga dangin da ake kira mosaso, watau manyan ƙadangarun ruwa 'yan'uwan guza da damo, masu filafilai a maimakon ƙafafu. Wajen shekarar 1970 wata tawaga daga Jami'ar Fulorens ta Italiya, a ƙarƙashin Augusto Azzaroli, ta haƙo ƙoƙon kan wannan dabba a gundumar Goronyo. Da suka duba sai suka ga bai yi kama da na sauran danginta ba, saboda haka a 1972 suka ba ta sabon suna, Goronyosaurus nigeriensis, ma'ana ƙadangaren Goronyo na Nijeriya. Kan dogo ne, siriri, tsawonsa kimanin santimita 70, bai tsuke daga baya zuwa gaba kamar na sauran mosaso ba, sai ya miƙe kusan kauri ɗaya har baki, haƙoran kuma suna shiga tsakanin juna irin na kada. Abin takaici, wannan kai da ya kai sunan Goronyo cikin littattafan kimiyya na duniya yana Fulorens, kuma a cikin ɗalibanmu da suka fito daga can ba mu taɓa samun wanda ya san da shi ba.

Darasin da ke cikin labarinsa bai tsaya nan ba. Nauyin ƙasa na shekaru miliyoyi ya danne ƙoƙon ya murƙushe bayansa. Masanan Italiya sun siffanta shi da wani ƙashin kunci mai faɗin da ba a taɓa gani ba a cikin danginsa. A 1988 Theagarten Soliar ya sāke nazarin ƙoƙon, ya nuna cewa abin da aka ɗauka ƙashin kunci wani ƙashi ne dabam da danniyar ƙasa ta gusar daga mazauninsa. Ke nan baƙuntar kan iri biyu ce, akwai wadda aka halicci dabbar da ita, akwai kuma wadda ƙasa ta ƙara mata. In har gwanayen wannan fanni sun yi shekara goma sha shida kafin su rarrabe tsakani, to, yaya ke nan ga wanda hoto kawai ya gani?

3.0 Ma'aunin Shekaru

Domin a gane nisan da ke tsakanin wannan dabba da mutum, bari mu mai da shekaru tafiya, mu ce kowace shekara miliyan ɗaya kilomita ɗaya ce. Ƙadangaren Goronyo yana can aƙalla kilomita 66 a bayanmu. Ƙoƙon kai mafi tsufa da ake dangantawa da zuriyar mutum yana kilomita 7. Mafi tsufa daga cikin masu irin fuskarmu yana mita 300. Rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno a 1837 kuwa ba ta wuce taƙi ɗaya daga tafin ƙafarmu ba. Saboda haka duk ƙashin da ya fito daga cikin yumɓun Dukamaje ba na mutum ba ne, ƙato ko wada, domin a lokacin da yumɓun ya kwanta babu mutum, babu ko biri.

4.0 Ƙoƙunan Kan da Suka Shafi Mutum

Wanda ke kilomita 7 ɗin nan maƙwabcinmu ne. A watan Yuli na 2001 wani ɗan Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, da ke aiki da tawagar Michel Brunet, ya tsince shi a hamadar Jurab ta arewacin Cadi, aka yi masa laƙabi da Tumai. Mazaunin ƙwaƙwalwarsa bai fi na birin cimfanzi ba, yana da tudun gira mai kauri, amma fiƙoƙinsa ƙanana ne. Shi ma ƙasa ta lanƙwasa shi, sai a 2005 aka yi amfani da kwamfuta aka mai da sassansa mazauninsu. Hujjar masu cewa yana tafiya a miƙe ita ce ƙofar da lakar baya ke bi ta shiga kai, wadda ta matso gaba a ƙarƙashin ƙoƙon kamar yadda take ga mai ƙafa biyu. Waɗansu masana ba su amince ba, suna ganin dangin birrai ne, kuma har yau ana wannan muhawara. A ganinmu bai kamata malami ya ɓoye wa ɗalibi wannan saɓani ba.

Na mita 300 kuwa, masu haƙar ma'adinai ne suka ci karo da shi a Jabal Irhud ta Maroko a 1961. An daɗe ana ɗaukar shekarunsa ba su wuce 40,000 ba. A 2017, bayan an sāke haƙa a wurin an auna shekarun duwatsun da wuta ta ƙona a shimfiɗa ɗaya da ƙasusuwan, sai aka samu kimanin shekara 300,000 ne. Fuskar irin tamu ce, amma bayan kan dogo ne, kwantacce, bai dunƙule kamar ƙwarya irin namu ba. A lura, ƙoƙon bai sāke ko kaɗan ba tsakanin 1961 da 2017, shekarunsa kawai aka gyara, sai ga shi ma'anarsa duka ta sāke.

Mu ma a Nijeriya muna da namu. A 1965 Thurstan Shaw na Jami'ar Ibadan ya haƙo ƙwarangwal a kogon Iwo Eleru kusa da Akure. Shekarunsa wajen 13,000 ne kacal, watau mita 13 a ma'auninmu, lokacin da mutane masu dunƙulallen kai irin namu sun riga sun bazu a duniya. Amma nazarin da Katerina Harvati da Chris Stringer da abokan aikinsu suka buga a 2011 ya nuna kan dogo ne, kwantacce, ya fi kama da na mutanen da suka girme shi da shekara dubu ɗari. Ana iya fassara wannan da cewa waɗansu al'ummu masu tsohuwar siffa sun daɗe a Afirka ta Yamma, ko kuwa sun yi auratayya da waɗanda suka zo daga baya. Sai dai mutum ɗaya ne, kuma ba a yanke wa al'umma hukunci da kan mutum ɗaya. Ko a kasuwar Goronyo aka tsaya aka dubi kawunan jama'a, za a ga mai ƙeya da mai kwantaccen goshi, kuma duk 'yan gari ɗaya ne.

5.0 Hannun Mutum

Sauran hotunan da ɗalibi na biyu ya nuna mana. Yawancin irinsu daga Farakas ta ƙasar Feru suke, inda Julio Tello ya haƙo kaburbura a shekarun 1920. Bayaninsu kuwa kowace ungozoma ta san shi. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗuwa ba, shi ya sa maɗiga ke motsi, shi ya sa kuma kakanni ke dafa kan jinjiri da ruwan ɗumi wajen wanka wai don ya daidaita. In aka ɗaure kan da tsumma ko igiya wata da watanni, sai ya girma ta inda aka bar masa hanya. Ƙabilar Mangbetu ta arewa maso gabashin Kwango ta yi wannan al'ada don ado da nuna daraja har wajen shekarun 1950, akwai hotunansu suna raye. Ɗaurin yana sauya siffar kai, ba ya mai da mai shi wata halitta. Akwai kuma cututtuka, kamar taruwar ruwa a kai ko haɗewar ƙasusuwan kai da wuri, masu haifar da irin wannan. Sa'an nan akwai ha'inci tsagwaronsa: ƙoƙon Piltdown da aka bayyana a Ingila a 1912, ashe kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin wani goggon biri na Asiya aka goge haƙoran, ba a tona asirin ba sai 1953.

Game da Samudawa, mun san al'umma ce da Alƙur'ani mai girma ya ambata, mazauninta kuma a ƙasar Larabawa yake. Bahaushe ne ya ari sunan ya liƙa wa duk wani abu babba da bai san mai shi ba. Mai cewa ƙashin Goronyo na dabbar teku ne bai taɓa addinin kowa ba, kuma ma'aunin ƙashi ba shi da ta cewa a kan ruhi.

6.0 Abin da Ya Rage Gare Mu

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne Gobero a hamadar Tenere ta Nijar. A shekarar 2000 Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin da, sai ya tarar da maƙabartar mutane a bakin wani tafki da ya ƙafe, inda daga baya aka ƙirga kaburbura kusan 200. Da yake an same su yadda aka binne su, tare da tukwane da ƙugiyoyin kamun kifi, an iya gane cewa al'ummu biyu ne, ta farko dogaye masu kwantaccen kai, ta biyu kuma ta zo bayan wani dogon fari. Da an kwashe kawunan an kai kasuwa, da babu wanda zai san wannan.

Ɗalibanmu su ne malaman firamare na gobe a Taloka da Dukamaje da sauran ƙauyukan Rima, kuma su manomi ko mai haƙa zai fara kai wa abin da ya tono. Abin da muke koya musu shi ne kada a cire ƙashin daga mazauninsa, a ɗauki hotonsa da wani abu a gefe don a san girmansa, a rubuta zurfinsa da launin ƙasar da ke bisa da ƙarƙashinsa, sa'an nan a sanar da hakimi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin kula da kayan tarihi. Ɗalibin da ya kawo mana gaɓar nan mun tambaye shi daga wane rami ta fito, ya ce a hannun wani yaro ya karɓa, yaron kuma a kan hanya ya tsinta. Tana nan a kan teburinmu muna danne takardu da ita.